Ƴan Matan Lakkwal na Faɗuwa cikin Aji: Wa Zai Zauna Ya Saurare Su?

Da wuya shekarar karatu ta shige ba a ji labarin ba, ko daga Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko wata unguwa ta Yamai. Mushe na tsaye gaban allo, sai wata yarinya ta ƙwala ihu ta zube ƙasa. Kafin a kai ga ɗaukarta ta biyu ta bi, ta uku ta bi, cikin rabin awa lakkwal duka ta hargitse. Direkta ya sallami yara, a aika a kira malamai su yi ruƙiyya, iyaye su zo a guje su kwashi ɗiyansu, gidajen rediyo su yi kwana biyu suna maganar. Tun cikin shekarun 2000 mutanen Yamai suka raɗa wa abin suna da Faransanci, génie tchatcheur, wato aljani mai surutu. Bayan mako guda a buɗe lakkwal, kowa ya koma mazauninsa, a rufe zancen sai wata shekara. Abin da ba a cika yi ba shi ne a samu wani babba ya zauna da yarinyar da ta fara faɗuwa, ya tambaye ta cikin natsuwa abin da ke cin ranta tun watanni kafin wannan rana.

Wannan rashin tambaya sakaci ne, kuma alhakinsa na wuyan hukuma da iyaye baki ɗaya. Gyaransa bai fi ƙarfin Nijar ba, domin maganin da ake bukata ba ya son inji, ba ya son lantarki, ba a shigo da shi ta kwastan. Zama ne da magana, bisa tsarin da masana suka gwada suka ga amfaninsa a ƙasashen da talaucinsu ya yi kama da na nan.

Ba sai an kashe gardamar aljani ba kafin a soma aiki. Musulmi ya yi imani da samuwar aljannu, kuma babu mai hankalin da zai hana uba neman addu'a ga ɗiyarsa. Adeline Masquelier, malama a jami'ar Tulane ta Amurka, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta rubuta yadda mutane ke bayyana abin da cewa iskokin da aka sare itatuwansu don gina azuzuwa ne ke ramawa a kan ƴan mata. Likitoci kuma suna da nasu bayanin: firgita ce mai yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta hanyar gani da ji, mafi yawa a inda matasa ke zaune cikin takura ba su da bakin faɗin damuwarsu. An ga irinta a shekarar 1962 a wata makarantar kwana ta ƴan mata a Kashasha, cikin ƙasar Tanganyika ta wancan zamani, inda ƴan mata 3 suka soma dariya da kuka ba tsayawa, abin ya kama ɗalibai 95 cikin 159, har sai da aka rufe makarantar. Ko wane bayani mutum ya ɗauka, tambaya ɗaya na nan tsaye: me ya sa kusan kullum mata ne, kuma masu shekarun balaga?

Sannan mai faɗuwa ta ma yi sa'a, tunda an gan ta. Wadda ta fi ban tausayi ita ce ta benci na baya, wadda ba ta ihu, ba ta tada hankalin kowa. Bara tana cikin goman farko na aji, bana makinta ya zube. Ta daina wasa da ƙawaye, barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga, kullum ciwon kai da nauyin ƙirji, an kai ta gidan likita an yi awon zazzaɓin sauro sau uku ba a ga komai ba. A gida ana ce mata raguwa, a lakkwal ana ce mata daƙiƙiya, wata gwaggo kuma ta yanke hukunci cewa aure take so. In wannan hali na ƙuncin rai da fitar sha'awar komai ya wuce mako biyu, kusan kowace rana, har ya hana mutum harkarsa, likitoci na kiransa ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar yadda hawan jini yake ciwo. Ya bambanta da matsin rai na ɗan lokaci, irin na daren jarrabawa, wanda ke wucewa da wucewar dalilinsa. Sai dai matsin da ya daɗe yana buɗe wa ciwon ƙofa, ciwon kuma yana sa ƙaramin matsi ya zama dutse, ta haka yarinya ke shiga zagayen da ba ta iya fita ita kaɗai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 7 masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larura ta tunani, kuma kashe kai na cikin manyan dalilan mutuwar masu shekara 15 zuwa 29 a duniya. An kuma san cewa kafin balaga maza da mata kusan kunnen doki suke a ciwon damuwa, amma daga balaga ya kan ninka kusan sau biyu wajen mata. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wannan lissafi ya isa ya hana ministan ilimi barci.

Kuma ɗiyar lakkwal ta Nijar na ɗauke da kayan da ya fi na takwarorinta na wasu ƙasashe nauyi. A ɗauki wadda ta ci jarrabawar shiga kwaleji daga ƙauye. Garinsu babu kwaleji, sai a damƙa ta ga wani ɗan uwa ko aboki a birni. Mai masaukin ya yi alheri, amma sau da yawa yarinyar ke zama mai aikin gidan: ɗebo ruwa da asuba, shara, wanke-wanke, goyon yara, wani lokaci har talla, sannan ta tafi aji da yunwa ta zauna cikin ɗaki mai cunkoso, ana koyar da ita da harshen da ba ta mallaka ba. In ta je hutu gida ta tarar da ƙawayenta duk sun yi aure, ana yi mata gori. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa mata 76 cikin 100 masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kuma 28 cikin 100 kafin 15, adadin da ya sa Nijar a sahun farko a duniya. Ke nan kowace faɗuwar jarrabawa, a wajen ɗiya mace, na iya zama ƙarshen karatu. Namiji in ya faɗi brebe ana cewa ya sake. Ita kuwa tana sane da cewa akwai mai jiran sakamakon da goro a hannu. A ƙara da yajin aikin malaman kwantiragi da ke cinye watanni, da wasu ɓata-garin manya da ke amfani da maki ko kuɗin kashewa suna farautar ƴan mata, da abin da idon yara ya gani: gobarar azuzuwan zana ta unguwar Peyiba a Yamai cikin Afrilu 2021, inda yara kimanin 20 suka ƙone, da ta Maraɗi cikin Nuwamba 2021, inda aƙalla 25 suka rasu, da ɗaruruwan makarantun da ƴan bindiga suka sa aka rufe a jahar Tilaberi. Yayyen waɗannan yara sun koma aji, kuma ba a ji wani tsari na dindindin da aka kafa don sauraren abin da ke zuciyarsu ba.

Ba za a ce hukuma ba ta yi komai ba. Dokar gomnati ta 5 ga Disamba 2017 ta ɗora wa ƙasa nauyin kariya da tallafi da rakiyar ɗiya mace muddin tana karatu. A zamanin Bazum Mohamed an soma gina makarantun kwana na ƴan mata, irin ta Kelle a jahar Damagaram, don raba su da wahalar zaman gidan wani. Gini da katifa da tuwo sun magance wani sashe na matsalar. Amma kalmar rakiya da ke cikin dokar ba ta da ma'ana in babu mutum ɗaya a lakkwal da aka horar ya gane yarinyar da ciwon damuwa ya kama, ya kuma san abin da zai yi mata. Asibitin ƙasa na Yamai na da sashen masu taɓin hankali, Pabiyon E, sunan da ya isa ya sa uwa ta ɓoye ɗiyarta cikin ɗaki don tsoron kada a ce gidansu akwai hauka, ta rasa mijin aure. Ƙwararrun likitocin wannan fanni ƙalilan ne, mafi yawansu a babban birni. Wanda ya ce a jira sai kowace jaha ta samu isassunsu, ya ce a bar wannan tsara ta ƴan mata ta lalace ke nan.

To, mene ne wannan magani na magana? Ya kamata mai karatu ya san cewa ba nasiha ba ce irin ta "ki yi haƙuri", ba kuma hira ba ce ta kashe lokaci. Aiki ne mai darasi, mai adadin zama, mai awon ci gaba.

Hanya ta farko ita ce gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likita Aaron Beck ya tsara a jami'ar Pensilbaniya cikin shekarun 1960. Beck ya lura cewa mai ciwon damuwa na yanke wa kansa hukunci mai tsanani ba tare da shaida ba, kuma hukuncin ke ƙara masa ciwon. Yarinya ta samu 6 bisa 20 a lissafi, sai zuciyarta ta ce mata: ke ba ki da amfani, kin ci amanar ubanki, ba za ki taɓa cin komai ba. Mai jinya zai sa ta rubuta wannan tunani, su zauna su bincike shi kamar yadda alƙali ke binciken ƙara. Mene ne shaidar? Nawa ta samu a tarihi? Kwana nawa ta yi tana jinyar ƙanenta kafin jarrabawar? Da ƙawarta ce ta samu 6, haka za ta gaya mata? A hankali ta koyi kama tunanin tun yana tasowa, ta musanya shi da wanda ya fi kusa da gaskiya. Tare da haka ana tsara mata ƙananan ayyukan da ciwon ya raba ta da su, kamar kitso da ƙawa, ko ziyarar kaka, ko karatun shafi ɗaya a rana, domin an gano cewa mai wannan ciwo in ya ce sai ya ji daɗi zai motsa, ba zai motsa ba; motsin ne ke jawo jin daɗin. Ana kuma koya mata numfashi a hankali, daga ciki, don kwantar da bugun zuciya in firgita ta taso.

Hanya ta biyu ita ce gyaran zamantakewa, wadda Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara a Amurka cikin shekarun 1970. Ita tana neman abin da ya tada ciwon cikin abu huɗu: rasuwar wani makusanci, saɓani da wani, canjin rayuwa, ko kaɗaici. Duk wanda ya san rayuwar ɗiyar ƙauye a gidan mai masauki zai ga cewa uku daga ciki na kanta tun ranar da ta sauka tasha. A rukuni na mutum 6 zuwa 10, kowace na faɗin nata, sauran na taimaka mata da dabarar yadda za ta yi wa matar gida magana ba tare da rashin kunya ba, ko wanda za ta nema ya shiga tsakaninta da ubanta kan zancen aure.

Hanya ta uku ita ce warware matsala daki-daki: a jera matsalolin, a ware waɗanda ake iya taɓawa, a zaɓi ɗaya, a kawo dabaru, a gwada ɗaya cikin mako, a dawo a duba.

Masu cewa wannan al'adar Nasara ce su koma tarihi. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya raba baƙin ciki gida biyu, mai sanannen dalili da wanda ke sauka ba dalili, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya don ya tunkari munana in sun taso, kamar yadda ake ajiye magani a gida. Shekara dubu ke nan kafin Beck. Bahaushe ma ya san darajar gwaggo ko kakar da yarinya ke kai wa kuka. Abin da ilimin zamani ya ƙara shi ne tsari da awo.

Awon kuwa an yi shi a Afirka. A shekarar 2003 aka buga sakamakon wani gwaji a ƙauyuka 30 na yankunan Masaka da Rakai a Yuganda, inda mutanen gari da aka horar na mako biyu kawai suka jagoranci rukunonin gyaran zamantakewa na mako 16. A ƙarshe, kusan 7 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne suka rage da ciwon, alhali a ƙauyukan da ba a yi ba kusan 55 cikin 100 na nan da shi. Waɗannan manya ne. A 2007 aka buga sakamakon maimaita gwajin da matasa 314 masu shekara 14 zuwa 17 a sansanonin ƴan gudun hijira kusa da Gulu, a arewacin ƙasar, sai aka ga ƴan mata sun samu sauƙi a fili, fiye da samari. A Ibadan ta Najeriya, wani ƙaramin gwaji da aka buga a 2016 ya nuna cewa zama 5 na gyaran tunani, cikin makaranta, ya rage ciwon ga ɗalibai. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar gidan likita suna warware matsala da masu damuwa, zama 6. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata 6 kusan 14 cikin 100 ne ke da alamun ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan rabi. A Kenya shirin Shamiri ya yi amfani da matasan da ba su daɗe da gama sakandare ba, awa ɗaya a mako har mako 4, ga ɗalibai 413, kuma sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna sauƙin ya kai wata 7. OMS ta fitar da littattafan koyar da waɗannan hanyoyi kyauta: na rukunin gyaran zamantakewa mai zama 8 a 2016, sannan a 2023, tare da UNICEF, wani mai suna EASE don yara masu shekara 10 zuwa 15, zama 7 na yara da 3 na iyaye.

Akwai masu ja, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa.

Ɗan kasuwa zai ce: yarinyar da ba ta karya ba, tuwo take so, magana ba ta cika ciki. Yana da gaskiya rabi. A gundumar Zomba ta Malawi, tallafin kuɗi da aka ba ƴan mata a 2008 da 2009 ya rage masu damuwa, amma da aka tsayar da kuɗin sai sauƙin ya gushe. Hujja mafi kusa ta fito ne daga nan gida. A 2022 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike kan mata fiye da 4,000 masu karɓar tallafin gomnati a ƙauyukan Nijar. Dukkansu an sa su cikin asusu da horon sana'a. Wasu an ƙara masu jari na jika 80, wasu kuma an ƙara masu horon ƙarfafa zuciya da zaman tattaunawa na gari. Duka ɓangarorin sun samu ƙarin kuɗin shiga da kwanciyar hankali, amma in aka auna riba bisa abin da aka kashe, ɓangaren ƙarfafa zuciya ne ya fi. Wanda ya san lissafin jari da riba ya fahimci wannan. Tuwo da sauraro ba kishiyoyi ba ne, kuma yarinyar da aka biya wa kaye da bik da tufafi shekara tara ta bar karatu saboda ciwon da zama 8 zai iya sassautawa, asarar jari ce.

Ma'aikaci mai karatu zai ce: ba kowane gwaji ne ya yi nasara ba. Haka ne, kuma ɓoye wannan yaudara ce. A Ingila, binciken MYRIAD da aka buga a 2022 ya koyar da dabarun natsuwa ga ɗalibai fiye da 8,000, aji duka, mai ciwo da mai lafiya, ba a ga wani amfani ba. A Yuganda ma, wani babban gwaji kan ƴan mata masu shekara 13 zuwa 19, wanda sakamakonsa ya fito a 2024, ya samu ɗan sauƙi bayan shekara guda, amma bayan shekara biyu da rabi babu sauran bambanci. Darasin a fili yake. Kada a mai da abin darasin allo da za a yi wa kowa haddarsa. A nemo masu ciwon a yi aiki da su. Kada a horar da mutum kwana biyar a sake shi ba mai duba aikinsa. Kada a ɗauka zama 8 rigakafi ne na har abada, domin ciwon na dawowa, musamman in abin da ya jawo shi na nan. Yarinyar da ake shirin ɗaura wa auren dole, ko wadda wani babba ke lalata da ita, numfashi a hankali ba zai cece ta ba; wannan aikin hukuma ne da alƙali.

Wani kuma zai ce: a ba ta ƙwaya a huta. Ƙwaya na da wurinta. A binciken TADS na Amurka da aka buga a 2004, kan matasa 439, bayan mako 12 waɗanda suka haɗa maganin fuluwoksetin da gyaran tunani 71 cikin 100 suka samu sauƙi, masu ƙwaya kaɗai 61, masu gyaran tunani kaɗai 43, masu ƙwayar banza 35. Bayan mako 36 kuwa masu gyaran tunani kaɗai sun kamo masu ƙwaya. A wannan shekara ta 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi a kan irin waɗannan ƙwayoyi cewa suna iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa. Shi ya sa jagoran OMS ya hana ba da su ga yaron da bai kai 12 ba, ya ce ga matasa a fara da maganin magana, ƙwaya sai da idon ƙwararre. A ƙasar da mai tallar magani ke yawo da tiramol da ƙwayar barci cikin faranti a bakin tasha, barin yarinya ba mai saurarenta tura ta ne wajen wannan farantin.

Abin da ya kamata a yi ba shi da wuyar faɗi. Ma'aikatar ilimi da ta lafiya su zauna tebur ɗaya su zaɓi kwalejoji kaɗan a kowace jaha, a fara da makarantun kwana na ƴan mata, inda yaran ke wuri ɗaya dare da rana. A kowace a zaɓi mata biyu, malama ɗaya da uwa ɗaya daga ƙungiyar iyaye mata masu kula da karatun yara, a horar da su da littafin OMS. Kada malamar ta zama mai ba yarinyar maki, domin ba a faɗa wa mai jan biro asirin zuciya. Jami'ar Abdu Mumuni na yaye ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam, makarantun lafiya na Yamai da Damagaram na yaye ma'aikatan jin daɗin jama'a, da yawansu na zaune ba aiki. A ɗauke su su zama masu duba aikin, kowane da kwalejojinsa, yana zagayawa kowane mako biyu. A juya littattafan zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, da kalmomin da yara ke amfani da su, domin ba wadda ke kuka da Faransanci. Tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ga wurin da za a nuna cewa maganar ta wuce takarda. A sa kuɗin cikin kasafin ƙasa, ko da kaɗan ne, saboda an sha ganin ayyukan da ke mutuwa ranar da motar mai ba da agaji ta juya. A kuma auna: yara nawa suka shiga, nawa suka samu sauƙi bayan wata 6, nawa suka kai brebe, a buga sakamakon kowa ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Sharaɗi biyu ba a sassauta su. Na ɗaya sirri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar da maganar yarinya ɗaya ta fita daga ɗakin zama ta isa bakin rijiya, aikin ya mutu a garin. Na biyu, sanin iyaka. Yarinyar da ta ambaci mutuwa, ko ta ce gara ba ta duniya, ko ta daina ci da sha, ko take jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ba ta rukuni ba ce: a sanar da wanda ta amince da shi cikin danginta, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunta ke kaiwa, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta likita a ranar. Wadda ke faɗuwa tana karkarwa ma a auna ta, domin farfaɗiya da ƙarancin jini da yunwa duk suna kada mutum, kuma kowane da maganinsa.

Malaman addini na da babban rabo a nan, don su ake fara kira. Malamin da ya gama addu'a ya ce wa uba: "Alhaji, a kai ta a duba ta, kuma a bincika abin da ke damunta a gida," ya yi aikin da likita goma ba su iya yi ba. Wanda kuwa ke dukan yarinya da sunan korar aljani, ko ya shaƙe ta da hayaƙi, ƴan uwansa malamai ne ya kamata su fara tsawata masa. Alhazan kasuwa da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka masu, su sani cewa ɗaki ɗaya mai ƙofa da tabarma a kwalejin unguwa, da ɗan alawus na mata biyu, bai kai kuɗin ɗinkin biki ɗaya ba. Ma'aikacin da ɗiyar ƙanensa ke zaune gidansa tana karatu, shi ma ba sai ya jira minista ba: ya duba ƙarfe nawa take tashi, ƙarfe nawa take kwanciya, yaushe rabon da wani ya tambaye ta lafiyarta ya tsaya ya ji amsa. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, amma sai an ɗaga kai an dubi fuskar.

Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar suka fito titin Yamai don an ware su daga shirin Taron Ƙasa, suka ce sai an ji muryarsu, aka kuwa ji, har ranar ta zama ranar matan ƙasa. Jikokin waɗannan mata ne ke zaune yau a benci na baya. Kowace 13 ga Mayu ana ɗinka anko, ana jawabai kan karatun ɗiya mace. Bana, kafin a yanka atamfa, ministocin biyu su faɗa wa jama'a kwaleji nawa ke da mace ɗaya da aka horar don ta saurari ɗalibai, da kuma nawa za su samu kafin buɗe lakkwal ta Oktoba. Allah ya ba masu iko ikon yi, ya shirya zuri'a.